Muhawara: 50 Cent ya sauya sana'a ne, ko rumfa kawai ya sauya?

Bakatsine:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ake yawan maimaitawa duk lokacin da aka ambaci Curtis Jackson, wanda duniya ta fi sani da 50 Cent, wato cewa a cikin mawaƙan gambarar Amurka babu wanda ya kai shi dabarar barin waƙa ya koma harkar fim da talabijin. Ni ban gamsu da wannan magana ba, kuma ina so mu tattauna ta da hujja. Kundin waƙoƙinsa da ya fito a watan Fabrairun 2003 ya sayar da kwafi 872,000 a makon farko, kuma abin da mutane suka saya a ciki shi ne labarin yaron unguwar South Jamaica ta birnin New York wanda mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 8, ya tashi a hannun kakanninsa, ya sayar da miyagun ƙwayoyi a bakin titi, aka ɗirka masa harsashi 9 a shekarar 2000 amma Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. To ku duba shirin Power mai dogon zango da tashar Starz ta fara nunawa a 2014, da 'ya'yansa da suka biyo baya, wato shirye-shiryen da aka tsiro da su daga cikinsa, da wani shirin nasa mai suna BMF: fataucin ƙwaya ne, da bindiga, da cin amana tsakanin abokai. A ganina mutumin rumfa ya sauya a kasuwa, amma hajar da ke kan teburinsa ita ce dai ta shekara 20 da suka wuce.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya Bakatsine, ko da na yarda da maganarka gaba ɗaya, ai sauya rumfar ma ba ƙaramin aiki ba ne, domin a cikin sa'o'insa da suka yi tashe tare da shi a farkon shekarun 2000 nawa ne har yanzu ake jin ɗuriyarsu? Ka tuna yadda aka yi a watan Satumban 2007, lokacin da ya fitar da kundinsa rana ɗaya da na Kanye West, bayan ya yi alwashin daina fitar da kundi idan aka fi shi ciniki. Kanye ya sayar da 957,000, shi kuma 691,000. Bai cika alwashin ba, amma daga wannan rana kowa ya gane cewa kunnen masu sauraro ya juya daga salon 'yan daba zuwa wani salon, kuma kowane kundi da ya fitar bayan nan ya gaza wanda ya gabace shi, har zuwa na 2014 da bai sake yin wani ba bayansa. A wannan shekarar ta 2014 ce Power ya fara. Mutumin da ya hango kasuwarsa tana mutuwa ya gina wata kafin ta ƙarasa mutuwa, ai ya cancanci a ce ya iya.

Maman Ilham:
Kafin mu kai ga talabijin, ina ganin ya kamata a yi adalci wajen ba da tarihin fina-finansa, saboda masu yabonsa sukan tsallake wannan babi. Fim ɗinsa na farko a 2005 an ɗora shi ne a kan rayuwarsa, an kuma ba shi sunan kundinsa, kuma wanda ya ba da umarni shi ne Jim Sheridan ɗan ƙasar Ireland, darakta mai daraja wanda ba a raina aikinsa. Abin da ake fata shi ne a maimaita nasarar da Eminem ya samu da nasa fim ɗin a 2002, wanda ya tara sama da dala miliyan 240 a duniya. Na 50 Cent da ƙyar ya haura abin da aka kashe wajen yin sa, masu sharhi kuma suka ce fuskarsa ba ta motsi ko a wurin kuka ko a wurin fushi. Samuel L. Jackson ma ya ƙi karɓar rawar da aka yi masa tayi a fim ɗin, don ba ya so ya jingina sunansa ga mawaƙin da bai koyi wasan kwaikwayo ba.

Bayan haka ya fito tare da Robert De Niro da Al Pacino a 2008, da Sylvester Stallone da Arnold Schwarzenegger a 2013, amma duk a ƙananan rawa, kuma babu wanda ya sayi tikiti saboda shi. Kamfaninsa na Cheetah Vision ya yi jerin fina-finai masu araha waɗanda yawancinsu faifan DVD suka nufa kai tsaye. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na 2011, inda ya fito a matsayin ɗan ƙwallo mai fama da ciwon daji, ya rage kusan kilo 25 na jikinsa har ya koma abin tsoro a hoto, amma abin da aka fi tunawa game da fim ɗin a yau shi ne rigimar suna: ya so ya kira shi da sunan shahararren littafin Chinua Achebe, lauyoyin Achebe suka hana, aka yi tayin dala miliyan 1 suka ƙi, dole aka ƙara kalma ɗaya a gaban sunan. Wannan shi ne tarihinsa a matsayin jarumin fim, kuma bai kama ƙafar Will Smith ko Ice Cube ko Queen Latifah ba.

Ɗan Fagge:
Hajiya, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika lissafa ba. Sai dai kin auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Will Smith jarumi ne, kuma ya tabbatar da haka tun daga shirin barkwancin da ya fara a 1990 har zuwa kyautar Oscar ta 2022. Queen Latifah ta shiga jerin 'yan takarar Oscar tun a farkon shekarun 2000. Amma su ana ɗaukar su aiki ne a gaban kyamara. 50 Cent ya gane da wuri cewa a gaban kyamara ba zai taɓa zama na ɗaya ba, sai ya koma bayanta ya zama furodusa. A Power ma bai ba kansa rawar jarumi ba, ya bar wa Omari Hardwick, shi ya ɗauki rawar Kanan, mugun da ya harbe ɗan cikinsa, kuma ya yarda aka kashe Kanan ɗin a zango na 5 alhali shirin yana tsakiyar tashe. Mawaƙi nawa ne girman kansa zai bar shi ya yi haka?

Malam Badamagare:
Ina gaishe ku duka. Ni tambayata a kan kalmar da ake ta jingina masa ce cewa shi ya “yi” Power. Wadda ta ƙirƙiri shirin, ta jagoranci ɗakin marubuta tsawon zango 6 daga 2014 zuwa 2020, mace ce mai suna Courtney Kemp, wadda ta yi aikin rubutu a shirin The Good Wife kafin nan. Furodusa Mark Canton ne ya haɗa su. A tsarin talabijin na Amurka, mai jagorantar marubuta shi ne ke yanke hukunci a kan labari, da wanda zai mutu da wanda zai rayu, da yadda kowane kashi zai ƙare, kuma shi ake kira idan aiki ya lalace. Muƙamin babban furodusa kuwa yana da faɗi ƙwarai: akwai mai riƙe da shi saboda ya kawo kuɗi, akwai wanda sunansa kawai aka ara don a ja hankalin masu kallo. Don haka kafin mu ɗora masa rawanin basira, sai mu tantance abin da hannunsa ya taɓa.

Ɗan Zongo:
Malam Badamagare ya kawo tambaya mai kyau, kuma tana da amsa. Na farko, ita Courtney Kemp ba ta taso a irin unguwar da labarin ke magana a kai ba, a garin Westport na jihar Connecticut ta girma, gari na masu hali, kuma ita kanta ta sha faɗa cewa jarumin shirin an haɗa shi ne daga halayen mahaifinta da kuma rayuwar Curtis Jackson. Yadda dillalan ƙwaya ke magana, da yadda ake raba unguwanni, da abin da yaro ɗan shekara 12 yake gani a bakin titi, daga wurinsa aka samo. Na biyu, shi ya rera waƙar buɗe shirin tare da mawaƙi Joe, kuma da aka sauya ta da wata sabuwa a farkon zango na 6, masu kallo suka tayar da ƙura har sai da aka dawo da ta asali. Ya kuma ba da umarnin kashi guda a wannan zangon.

Na uku, wanda a ganina shi ne babba, shi ne talla. Starz ba ta da ƙarfin HBO, kuma ba ta da kuɗin da za ta cika tituna da alluna. Abin da take da shi shi ne mutum mai mabiya miliyoyi a Instagram wanda ya ƙware a neman faɗa. Da tashar Fox ta fito da shirin Empire a 2015, ya yi ta tsokanar su cewa kwaikwayonsa suka yi, jaridu suka yi ta ɗauka, kuma duk wanda ya karanta labarin rigimar ya ji sunan Power kyauta. Wannan ita ce dabarar da ya yi amfani da ita tun yana neman suna a waƙa, lokacin da yake zagin manyan mawaƙa ɗaya bayan ɗaya don su mayar masa da martani. Wannan ba aikin marubuci ba ne, amma aiki ne, kuma shi ya sa a 2018 Starz ta ƙulla yarjejeniyar shekara 4 da shi wadda aka ruwaito darajarta za ta iya kai dala miliyan 150.

Bakatsine:
To ai ka ƙarfafa maganata ne, Ɗan Zongo. Labarin titi daga waƙa ya zo da shi, neman faɗa don talla ma daga waƙa ya zo da shi. Mu nan Najeriya mun ga samfurin wannan hali tun a watan Disamban 2004, da ya zo wasa aka yi taƙaddamar kujerar jirgin sama tsakanin tawagarsa da Eedris Abdulkareem, wanda a Kano ya tashi, har maganar ta fi wasan kansa yin amo. Ina sabon abin da ya koya?

Ɗan Zongo:
Ya koyi zaɓen labari da zaɓen mutane, Yaya. BMF ba rayuwarsa ba ce, tarihin 'yan'uwa biyu ne na gidan Flenory daga birnin Detroit, waɗanda kotu ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 30 a 2008. Shi ya nace cewa ɗan babban cikinsu ne zai fito a matsayin mahaifinsa, yaron da bai taɓa yin fim ba, ya sa aka koya masa wasan kwaikwayo kafin a fara ɗauka. A shirin da ya gaji Power a 2020 kuma an ga Mary J. Blige da Method Man, mawaƙa biyu, a manyan rawa. Mutumin da Samuel L. Jackson ya ƙi tsayawa kusa da shi a 2005, yau shi ne ke ba mawaƙa aikin fim.

Maman Ilham:
Ni abin da ya fi damuna ba wanda ya rubuta ba ne, abin da aka rubuta ɗin ne. Yaranmu suna kallon waɗannan shirye-shirye a waya, kuma duk da cewa a ƙarshe dillalin ƙwaya yakan mutu ko ya tafi kurkuku, kafin a kai ƙarshen an kwashe sa'o'i 60 ana nuna shi cikin kwat mai tsada da gida a saman bene da mata suna rububinsa. Yaro ba ya riƙe kashi na ƙarshe, abin da ya gani sau da yawa shi yake riƙewa. A Amurka ma akwai baƙar fata da dama da ke sukar sa a kan cewa da ya samu damar da ba kowa ke samu ba, sai ya ci gaba da nuna su a matsayin masu laifi. Tun a 2005 mazauna wasu unguwannin Los Angeles suka yi zanga-zanga har aka sauke allunan tallan fim ɗinsa da ke nuna shi riƙe da bindiga.

Ɗan Fagge:
Hajiya, damuwarki a kan yara gaskiya ce, kuma waɗannan shirye-shirye ba na yara ba ne ko a can inda aka yi su. Amma akwai abin da ya kamata a saka a ma'auni. A 2020 ya kai wa tashar ABC shirin For Life, wanda aka gina a kan tarihin Isaac Wright Jr., mutumin da aka yanke wa ɗaurin rai da rai a jihar New Jersey a 1991 bisa zargin da daga baya aka soke, ya karanci shari'a a cikin kurkuku, ya taimaki wasu fursunoni da ƙararrakinsu, ya fito ya zama lauya. Babu kwat mai tsada, babu gidan rawa. Zango 2 kacal aka yi aka soke shi a 2021 saboda ƙarancin masu kallo, a daidai lokacin da labaran ƙwaya ke haifar da sababbin shirye-shirye. Ya gwada wata hajar, masu saye ne suka juya baya. Idan za a yi zargi, to a raba shi tsakanin mai sayarwa da mai saye.

Maman Ilham:
Gwaji ɗaya a tashar da ke auna nasara da yawan masu kallon dare guda bai isa ya wanke shi ba, ƙanena. Ice Cube ya fito daga ƙungiyar da ta fi kowace tsananin kalamai a ƙarshen shekarun 1980, amma a 1995 ya rubuta fim ɗin barkwanci a kan unguwa irin tasu wanda ya nuna mutane suna dariya da zaman maƙwabtaka, daga baya ya yi fina-finan da iyali ke kallo tare, a 2017 kuma ya kafa gasar ƙwallon kwando ta BIG3. Wannan shi nake kira faɗaɗa sana'a.

Malam Badamagare:
Bari in dawo da mu kan batun kuɗi, domin a nan ne nake ganin za a raba gardama. Babbar ribar da 50 Cent ya taɓa samu a rana ɗaya ba daga waƙa ko fim ta zo ba. A 2004 ya karɓi hannun jari a kamfanin da ke yin abin sha mai suna Vitaminwater a madadin ya tsaya ga kuɗin talla kawai, kuma da Coca-Cola ta sayi kamfanin a 2007 a kan dala biliyan 4.1, rabonsa ya kai gomman miliyoyi. Darasin da ke ciki shi ne mallaka. To amma a Power, wa ya mallaki shirin? Starz ce, da kamfanin Lionsgate da ya saye ta a 2016. Shi ana biyan sa ne, komai yawan abin da ake biya. Shi ya sa ya shafe shekaru yana caccakar tashar a Instagram, yana barazanar tattara kayansa, kuma da yarjejeniyarsu ta ƙare a watan Satumban 2022 ya tafi, amma shirye-shiryen suka zauna inda suke. Courtney Kemp ma ta koma Netflix tun a 2021 ta bar su a can.

Kada kuma mu manta da 2015. A watan Mayu kamfaninsa na shirya damben zamani, wanda ya kafa bayan sun ɓata da Floyd Mayweather, ya bayyana karayar arziki. A watan Yuli shi kansa ya garzaya kotu a Connecticut neman kariya daga masu bin sa bashi, bayan an yanke masa biyan dala miliyan 5 ga wata mata da ya yaɗa bidiyonta na sirri ba da izininta ba, ga kuma bashin sama da miliyan 17 na wata shari'a a kan na'urar sauraron kiɗa ta kunne. Ana cikin shari'ar yana saka hotunansa kwance cikin damman kuɗi, da mai shari'a ta nemi bayani sai ya ce kuɗin wasan kwaikwayo ne. Gidan da ya saya daga Mike Tyson a kan dala miliyan 4.1 a 2003, a kan miliyan 2.9 ya rabu da shi a 2019 bayan ya daɗe a kasuwa.

Ɗan Zongo:
Duk haka ne, Malam, amma ka ƙarasa labarin. Nau'in karayar arzikin da ya shigar, wanda dokarsu ke kira babi na 11, ba ya nufin mutum ya wayi gari ba shi da ko sisi. Dama ce ta a zauna da masu bin bashi a tsara yadda za a biya. An ba shi shekara 5 ya biya kimanin dala miliyan 23, ya kammala a farkon 2017, wato cikin ƙasa da shekara guda da amincewa da tsarin. A lokacin ba waƙa ce ke riƙe da shi ba.

Game da mallaka kuwa, da alama shi ma ya ga abin da ka gani. Yarjejeniyar da ya yi da Fox a 2023 ba ta ɗaure shi ga tasha ɗaya ba, yana da 'yancin kai aikinsa ko'ina. A ƙarshen wannan shekarar kuma majalisar birnin Shreveport a jihar Louisiana ta amince ta ba shi hayar wani situdiyon fim mallakar birnin na tsawon shekara 30 a kan kuɗi kaɗan, aka ƙaddamar da shi a 2024 da sunan G-Unit. Louisiana tana rage wa masu shirya fim haraji, kuma abin da yake nema a can shi ne irin abin da mai shirya fina-finai Tyler Perry ya gina a Atlanta, wato wurin ɗaukar fim da ke ƙarƙashin ikonsa.

Bakatsine:
Tyler Perry sayen filinsa ya yi, eka 330 na tsohon barikin soja, kuma shi ke rubuta labaransa ya kuma mallake su. Na Shreveport haya ce, ginin na birni ne. Sannan ko a 2023 ɗin da kake magana, zagayen wasannin da ya yi a ƙasashe da dama don cikar kundin 2003 shekara 20 ya cika manyan filaye, kuma kyautar talabijin ta Emmy da ke hannunsa ta wasan hutun rabin lokaci ce na Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, a 2022, inda ya rera tsohuwar waƙarsa yana rataye kai a ƙasa, alhali Power bai taɓa shiga ko jerin 'yan takara ba, abin da shi kansa ya sha kokawa a kai. Ni zan sauya ra'ayi ranar da aka ɗauki shiri a wannan situdiyo wanda kamfaninsa ne ya mallake shi, wanda kuma babu dillalin ƙwaya a tsakiyar labarinsa, ya kai zango na 3.

Ɗan Fagge:
Sharaɗin farko na yarda da shi, Yaya, domin mallaka abu ne da ake iya dubawa a takarda. Na biyun ne ban yarda ba. Daraktan fim Martin Scorsese ya kwashe shekara 50 yana komawa ga labaran 'yan daban Italiyawan New York, inda ya taso, ba wanda ya ce masa sai ya daina kafin a kira shi gwani. A bar Curtis Jackson da unguwarsa, a tambaye shi dai ko zai iya yin wani Power ɗin ba tare da Courtney Kemp da kuɗin Starz ba.